Wanda ya fita ai ya fita, to me ake ta tattaunawa?

Tambaya daga wani ɗan kasuwar dabbobi a Azare: "Malam, tun 2024 muka ji Nijar da Mali da Burkina Faso sun ce sun fita daga ECOWAS, amma har bayan nan muna jin ana zaman tattaunawa. Wanda ya fita ai ya fita, me kuma ake tattaunawa? Ɗana da ke jami'a ya ce haka Birtaniya ta yi shekaru tana jayayya kafin ta bar Tarayyar Turai. Ni damuwata ita ce ragunan da nake sarowa a Maigatari, bakin iyakar Nijar."

Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Ɗanka ya faɗi gaskiya, kuma zan bi ta Birtaniyar kafin in dawo kan ragunanka, domin a shekarun da na yi ina koyar da dangantakar ƙasa da ƙasa a nan Bauchi ban sami misalin da ya kai nata fito da wannan magana fili ba.

Amma bari mu fara da gida. Ranar 1 ga Oktoban 1996 aka yanke jihar Gombe daga tsohuwar jihar Bauchi. Sanarwar ba ta ɗauki minti biyar a rediyo ba. Washegari fa? Ma'aikaci ɗan Kaltungo ko Dukku da ya yi shekara ashirin yana aiki a sakatariyar Bauchi, wa zai biya shi fansho? Motocin gwamnati da taraktoci da bashin da tsohuwar jiha ta ciwo, yaya za a raba su? Ɗalibin da ke tsakiyar karatu da tallafin jiha, wace jihar ce za ta ƙarasa masa? Sai da aka zauna rabon kadarori da ma'aikata, kuma duk wanda ya yi aikin gwamnati a lokacin ya san ba a gama cikin wata guda ba. Wannan fa ƙasa ɗaya ce, kuɗi ɗaya, ba kwastan tsakanin Alkaleri da Gombe. To ka auna ƙasar da ta yi kusan shekara hamsin tana zuba dokokinta da kasuwarta a tukunya ɗaya da maƙwabta.

Birtaniya ta shiga ƙungiyar Turai a farkon 1973. Ranar 23 ga Yunin 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 51.9 cikin ɗari suka ce a fita, kashi 48.1 suka ce a zauna. Takardar ƙuri'ar tambaya ɗaya ta yi: a zauna ko a fita? Ba ta tambayi kowa wace irin fita yake so ba, kuma a nan gizo ke saƙa. Mutum miliyan 17.4 da suka ce a fita ba abu guda suke nufi ba. Wani so yake a rage baƙi. Wani so yake a daina bin hukuncin kotun Turai. Wani kuɗin da ake aikawa Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, ne ke masa ciwo, ya kuma gaskata rubutun da aka yi a jikin wata jar motar kamfe cewa fam miliyan 350 ake aikawa duk mako. Akwai ma waɗanda suka ɗauka za a fita daga siyasar ƙungiyar a ci gaba da cin kasuwarta yadda aka saba, kamar Norway.

Dokar fitar ita ce sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar Turai, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2009. Ya ce ƙasar da ke son fita ta miƙa takarda, daga ranar a ƙirga shekara biyu, a cikinsu a ƙulla yarjejeniyar rabuwa. In wa'adin ya cika ba a daidaita ba, ƙasar ta fita haka nan hannu rabbana, sai fa in duka sauran ƙasashen sun yarda a ƙara lokaci. Ka lura da wanda wannan tsari yake matsa wa: mai fita. Firaminista Theresa May ta miƙa takardar ranar 29 ga Maris 2017 alhali ko ministocinta ba su yi ittifaƙi kan abin da za su nema ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai a watan Yulin 2018, bayan fiye da rabin wa'adin ya tafi, ta tara su a gidan hutun firaminista na Chequers don su tsayar da matsaya, kwana biyu ko uku bayan nan ministan da ke kula da fitar, David Davis, da ministan harkokin waje, Boris Johnson, suka ajiye aiki.

Su kuwa ƙasashe 27 da suka rage, mutum ɗaya suka wakilta, Michel Barnier ɗan Faransa, suka ba shi umarni a rubuce, suka ce ba za a taɓa maganar cinikin gaba ba sai an warware abu uku: mutane, kuɗi, da iyakar Ireland. Birtaniya ta so a haɗa komai a faifai ɗaya don ta riƙa rangwame a nan tana karɓa a can, kamar yadda kai ma za ka so a yi maka kuɗin garke gaba ɗaya maimakon rago rago. Ba ta samu ba, ranar farko ta zaman ta amince da jerin da Barnier ya kawo.

Maganar mutane ta fi sauƙi. 'Yan ƙasashen Turai fiye da miliyan 3 ne ke zaune a Birtaniya, 'yan Birtaniya fiye da miliyan 1 kuma a ƙasashen ƙungiyar, da yawansu tsofaffi masu cin fansho a Sifaniya da Faransa. Aka ce duk wanda ya riga ya zauna ya ci gaba da zama da aiki, amma sai ya yi rajista. Maganar kuɗi ta jawo hayaniya a jaridu fiye da teburin shawara. Birtaniya ta riga ta sa hannu a kasafin ƙungiyar na shekara bakwai da zai ƙare a 2020, ga fanshon ma'aikata, ga ayyukan da aka fara. Lissafin wancan lokacin ya kama tsakanin fam biliyan 35 da 39, kuma bayan cika baki iri iri ta yarda za ta biya.

Iyakar Ireland ce ta ci firaminista. Wannan kuwa ya kamata mu 'yan Arewa mu fahimce ta fiye da Bature mazaunin Landan, domin irin iyakarmu ce da Nijar. Tsibiri ɗaya ne, kudancinsa ƙasa ce mai cin gashin kanta kuma tana cikin Tarayyar Turai, arewacinsa yanki ne na Birtaniya. Iyakar kusan kilomita 500 ce, da mashigai fiye da 200, akwai gonar da ta ratsa ta tsakiya, akwai madarar da ake tatsa a arewa a sarrafa ta a kudu a dawo da ita. An yi kusan shekara talatin ana zubar da jini a arewacin, mutum wajen 3,500 suka mutu, kafin sulhun 1998. Bayan sulhun aka kwashe shingayen sojoji, kuma tun da ɓangarorin biyu suna kasuwa ɗaya ba a buƙatar kwastan. To yanzu gwamnatin Landan ta yi alkawari uku: za ta fita daga kasuwar bai ɗaya da tsarin kwastan na Turai, ba za a kafa shinge a cikin tsibirin ba, ba kuma za a raba Ireland ta Arewa da sauran Birtaniya ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. In dokar kayanka ta bambanta da ta maƙwabcinka, dole a duba kaya a wani wuri. Ko a tudu, ko a tashar jirgin ruwa.

May ta kawo yarjejeniya mai shafi 585 a Nuwamban 2018, da sharaɗin cewa in ba a samo wata dabara ba, Birtaniya duka za ta ci gaba da zama cikin tsarin kwastan ɗaya da Turai. Ranar 15 ga Janairun 2019 majalisa ta yi watsi da ita da ƙuri'a 432, masu goyon baya 202, kayen da babu gwamnatin da ta taɓa shan irinsa a majalisar a tarihin zamani. Ta sake kawowa sau biyu a watan Maris, aka sake kayar da ita. Abin da nake nuna wa ɗalibaina a nan shi ne waɗanda suka haɗu suka kayar da ita: masu ganin fitar ta yi laushi da masu ganin bai kamata a fita ba sam, duk layi ɗaya suka bi. Har majalisar ta gwada jefa ƙuri'a kan hanyoyi takwas daban daban, ko ɗaya ba ta sami rinjaye ba. Sau uku ana roƙon ƙarin wa'adi. May ta sauka, Johnson ya hau, ya zaɓi saɓa alkawari na uku, wato a riƙa duba kayan da ke tsallaka teku daga sauran Birtaniya zuwa Ireland ta Arewa. Ya ci zaɓen Disamban 2019 da rinjayen kujeru 80, aka fita ranar 31 ga Janairun 2020.

Ko a nan tsugune ba ta ƙare ba. An ci gaba da bin dokokin Turai har ƙarshen 2020 ana ciniki kan hulɗar gaba, aka daidaita ranar 24 ga Disamba, saura mako guda wa'adi ya cika. Cikin abubuwan da suka riƙe zancen har daren ƙarshe akwai kamun kifi, sana'ar da ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasar ba, amma masunta suna da ƙuri'a kuma suna da murya. Sakamakon shi ne babu harajin fito kan kayan da aka tabbatar asalinsu na ɓangarorin ne, amma takardun kwastan sun dawo, nama da cuku da kifi kuma sai da takardar likitan dabbobi. Manyan kamfanoni suka ɗauki ma'aikatan cike takardu, ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka haƙura da kai kaya Turai. Rigimar Ireland ta Arewa kuwa sai da Firaminista Rishi Sunak ya sake zama a kanta a Fabrairun 2023.  

Yanzu mu dawo gida. An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, Janar Yakubu Gowon da Gnassingbe Eyadema na Togo ne suka yi ta yawon shawo kan shugabanni. Abubuwan da suka shafe ka kai tsaye guda uku ne. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ba biza ya zauna har kwana 90. Tsarin sassauta ciniki ya ce amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu su wuce ba harajin fito. Sai matakin 1998 kan makiyaya masu tsallaka iyaka, da takardar shaidar da ke nuna yawan garke da rigakafinsa da hanyar da zai bi. Na san za ka yi dariya, domin tsakanin Maigatari da Azare kaɗai ka san sau nawa ake tsayar da mota, kuma ba takarda ake tambaya ba. Gaskiya ne. Amma akwai bambanci tsakanin haƙƙin da ake tauye maka da wanda ba ka da shi gaba ɗaya. Na farko kana iya kai ƙara.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ta kuma yi barazanar amfani da soja. Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki. Ka fi ni sanin abin da wannan ya yi wa Maigatari da Jibiya da Illela. A ganina an yi gaggawa, kuma talakan ɓangarorin biyu ne ya sha wuyar, sojojin da ake son matsa wa kuwa sai ƙarin farin jini suka samu a Yamai. A Satumba ƙasashen uku suka ƙulla ƙawancen Sahel da ake kira AES, ranar 28 ga Janairun 2024 suka ce sun fita nan take. Ɗage takunkumin da aka yi a Fabrairu bai dawo da su ba.

Ga inda dokar ECOWAS ta sha bamban da ta Turai, kuma shi ne ainihin amsar tambayarka. Sashe na 91 na yarjejeniyar da aka sabunta a Kwatano a 1993 gajere ne ƙwarai. Ya ce a ba da sanarwar shekara ɗaya a rubuce, a cikin shekarar a ci gaba da cika wajibai, in ta cika ba a janye ba ƙasa ta fita. Shi ke nan. Bai ce a zauna a ƙulla yarjejeniyar rabuwa ba, bai faɗi makomar mutane ko bashi ko ma'aikata ba. Shi ya sa ECOWAS ta ƙi karɓar "nan take", ta ƙirga shekara, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, aka kuma bar ƙofa a buɗe na wata shida ko za su sake tunani. Birtaniya ta yi jayayyarta kafin ta fita. Su waɗannan sun fita tukuna, jayayyar na biye. Ƙungiyar ta koma ƙasashe 12 daga 15, mutum fiye da miliyan 70 suka bar inuwarta ba tare da takarda ɗaya da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu kan abin da zai biyo baya ba.

To me ya hana komai tsayawa cak? Sanarwa biyu. A Disamban 2024 ƙasashen AES suka ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashensu ba biza, amma sun riƙe ikon hana wanda ba su so. Ranar fitar kuma ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, a bar su su yi zirga-zirga, a kuma ci gaba da ɗaukar kayansu a tsarin sassauta ciniki, har sai an ba da wata sanarwa. Riƙe wannan jimlar ta ƙarshe da kyau. Abin da a da yake haƙƙi a rubuce ya koma alfarma, mai alfarma kuwa yana iya janyewa ranar da ya ga dama.

An ma fara ganin alama. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. A ƙarshen Maris 2025 ƙasashen uku suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigo da su daga waje don ɗaukar nauyin ƙawancensu, daidai adadin da ECOWAS ke karɓa don gudanar da kanta. A Mayun 2025, ana dab da babbar salla, Nijar ta hana fitar da dabbobi don farashi ya sauka a cikin gida, kuma ba sai na gaya maka yadda kara ta kasance ba. Don adalci, mu ma ba mu da bakin magana sosai: Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 tana cikin ECOWAS tsundum.

Abin da ke kan tebur kenan, kuma kusan jerin Barnier ne da rawani. Mutane: 'yan Nijar da ke Kano da Legas, miliyoyin 'yan Burkina Faso da Mali da ke Kwaddibuwa, 'yan Najeriya da ke Maraɗi da Damagaram da Agadas, da wane matsayi za su zauna? Kuɗi: bankin zuba jari na ECOWAS da ke Lome ya ba da rance don ayyuka a ƙasashen uku, kuma suna da hannun jari a cikinsa. Ma'aikata da ofisoshi: a lokacin fitar, hukumar lafiya ta Afirka ta Yamma a Bobo-Dioulasso take zaune, cikin Burkina Faso, ga kuma 'yan ƙasashen uku da fitar ta samu suna aiki a hedikwatar Abuja. Sai kotu, wadda ba a cika ambata ba. Kotun ECOWAS ce a 2008 ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar saboda ta kasa kare ta daga bauta. Talakan Nijar ya rasa wannan ƙofar.

Wa ya fi ƙarfi a teburin? Kowa na riƙe da wuyan rigar wani. Ƙasashen uku ba su da teku, dole kayansu su bi ta Kwatano ko Lome ko Tema ko Abidjan ko Dakar. Mu kuma naman da ake ci a biranen gaɓar teku da yawansa daga Sahel yake fitowa, kuma iyakar kusan kilomita 1,500 da ke tsakaninmu da Nijar ba ta tsaruwa in babu haɗin kan Yamai, ko a tafkin Chadi ko a dazukan Sakkwato da Katsina. Ka kuma lura ba su fita daga ƙungiyar masu kuɗin sefa ba, don haka tsakaninsu da Togo ko Senegal ko Kwaddibuwa akwai wata yarjejeniyar ciniki da zirga-zirga da ta rage. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiyar. Ma'ana, in alfarmar nan ta yanke, ɗan kasuwar Lome yana da wata igiyar da zai kama, kai ba ka da ita. Wannan ne ya sa nake ganin Najeriya ta fi kowace ƙasa a ECOWAS buƙatar a rubuta sharuɗɗan nan.

Akwai misalin da ke ba ni ƙwarin gwiwa. Muritaniya ta fita daga ECOWAS a ƙarshen 2000, a 2017 ta dawo ta sa hannu kan yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar ba tare da ta koma mamba ba. Irin wannan nake hasashe ga ƙasashen Sahel, sai dai shekara 17 ta yi yawa ga mai sayar da rago. Hanya mafi kusa ita ce ta tsakanin ƙasa da ƙasa: Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, hedikwatarta a Yamai, kuma fita daga ECOWAS bai rushe ta ba.

A aikace, Alhaji, ga shawarata. In za ka tsallaka, ka riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS mai sauran wa'adi, kada ka dogara da cewa jami'in ya san fuskarka. Dabbobin da ka saro ka nemi takardar likitan dabbobi da rasit ɗin kasuwa, ko da ba a saba tambaya ba. Kada ka zube jarinka duka a hannun dillalin ƙetare gab da salla, tunda ka ga doka na iya sauka cikin dare. Ka raba, wani a Maigatari, wani a Potiskum ko kasuwanninmu na nan jihar. Sannan ƙungiyarku ta 'yan kara ta rubuta wa 'yan majalisar tarayya na shiyyar Katagum takarda, ku faɗi abu biyu da kuke so a sa cikin duk yarjejeniyar da za a ƙulla: dabbobi da hatsi su ci gaba da wucewa ba harajin fito, kuma duk ƙasar da za ta hana fitar da kaya ta ba da sanarwar aƙalla wata uku kafin ranar.